Ruwan Didina

Ina da shekara goma sha bakwai na kamu da son wani mutum da ban taɓa gani ba, wanda ma ya girmi mahaifina. Kada zuciyar kowa ta yi nisa, littafinsa na so. A kan teburin wani mai sayar da tsofaffin littattafai na tsince shi, a bakin kasuwar garinmu Craiova, bangonsa a yage, wani ya taɓa ɗora masa kofin shayi har ya bar masa zobe. Sunan littafin Ƙasar Shiru, marubucinsa Ilarie Cernat. Na buɗe a tsaye, na karanta shafi, na ƙara wani, har mai teburin ya ce, "'Yammata, in karatun kyauta kike so, ga ɗakin karatu can." Na saya. Ban san hanyar da ƙafafuna suka bi suka kai ni gida ba.

Tambaya ɗaya ce a littafin daga bango zuwa bango: mutanen da suka rubuta Tsohon Alkawari, ina suke ganin matattu na tafiya? Ya bi nassin a Ibranancinsa na asali, aya bayan aya, da haƙurin mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa, ya fito da amsar da ta tayar mini da tsikar jiki. Wata ƙasa ce ta shiru, in ji shi, inda babu ci, babu sha, babu mai tuna wani. A babi na ƙarshe sai ya juyo gida, ya ɗauko al'adun ƙauyukanmu na yankin Oltenia, abincin da muke rabawa saboda mamaci, tufafin da muke bayarwa, ruwan da muke ɗebo masa, ya bayyana su tsaf, babu izgili ko kaɗan. Sannan ya rufe da maganar da na haddace tun ranar: mamaci ba ya jin ƙishirwa, mai rai ne ke ji.

Wannan babin ne ya ci masa kujerarsa. A lokacin yana koyarwa a wata makarantar horar da firistoci. Suka ce ya janye, ya ƙi, suka nuna masa ƙofa. Ya yi shekaru a wata maɗaba'a yana gyaran kurakuran takardun da ke koya wa manoma sarrafa tarakta. A shekarun nan ne ya rubuta nahawun Ibranancin da har gobe ɗalibai ke tsine wa amma ba sa iya rabuwa da shi, da sharhin ƙananan annabawa mai juzu'i uku. Kafin zamani ya juya a kira shi jami'a, kansa ya riga ya yi fari fat. Ni kuwa na bi sawun littafin nan har na zama ɗalibarsa ta ƙarshe, ina rubuta kundin digirina na uku a hannunsa, kuma kundin nawa kacokan a kan Ƙasar Shiru yake tsaye.

Duk wanda ya san Farfesa Cernat ya san matarsa Didina. Mai haɗa magunguna ce a wani kantin magani, 'yar wani ƙauye a gefen kogin Jiu, gajeriya, mai dariyar da ake jiyowa tun daga ƙasan bene. Rubutun Farfesa kamar kaza ta yi tono, babu mai iya karanta shi sai ita. Duk shafin da ya taɓa fita da sunansa ita ta buga shi a tsohuwar tafiretarta, inda kalmar Ibrananci take sai ta bar masa gurbi ya cike da hannu. In mun je gidansu karatu, takan shigo da tuwon masara da cuku tana cewa, "Ku ci, 'ya'yana, annabawa ba sa cika ciki." Na karanta labaran soyayya iya karantawa, amma ban taɓa cin karo da wanda ya kai yadda tsohon nan yake ɗaga kai daga littafi in ya ji motsin mabuɗinta a ƙofa ba.

A watan Mayu ta rasu. Muka binne ta, muka ci dafaffiyar alkamar sadaka a bakin kabari, kowa ya kama gabansa. Alhamis ta zo, Farfesa bai zo aji ba, mutumin da ko ranar da dusar ƙanƙara ta rufe gari bai taɓa fasawa ba. Washegari da sassafe na ɗauki babin da na gama don in sami abin fakewa, na nufi gidansa.

Lif ɗin benensu ya lalace kamar kullum, na bi matakala. Tun a hawa na biyu na ga ruwa yana gangarowa. A na huɗu na same shi, sanye da kwat da laktaye, bokiti biyu a hannu, wandonsa a jiƙe har gwiwa, ya jingina da bango yana haki. Daga sama wata murya ta sauko kamar aradu.

"Ilarie! Ka ajiye bokitan nan tun ba mu yi jana'iza biyu a wata ɗaya ba!"

Tanti Gherghina ce, yayar Didina, wadda ta iso daga ƙauye da motar farko, ko baƙin ɗankwalinta ba ta kwance ba.

Farfesa ya dube ni. "Abokiyar aiki," ya ce, don haka yake kiran kowane ɗalibi, ko da jiya ya shigo jami'a. "Kin kawo babin?"

Na karɓi bokiti ɗaya ba tare da na san na mene ne ba. Da muka shiga kicin, Tanti Gherghina ta tsaya a gabana, hannu a ƙugu.

"Ke 'yar nan, gaya mini, duk masu ilimin naku haka suke? Tun ranar da aka binne ƙanwata yake jidar mata ruwa. Shi! Namiji, kuma mijinta! Ai ko Jiu ɗin ya kwaso gaba ɗaya ya raba wa maƙwabta, ɗigo ɗaya ba zai kai gare ta ba."

"Na sani, Gherghina."

"Budurwa ake sawa, ko kuwa..."

"Ko tsohuwar da mijinta ya rasu, wadda ba ta haɗa jini da mamacin ba. Daga rijiya ko idon ruwa, ban da famfo. Da safe, kafin rana ta yi zafi, a kai gidajen da ba na dangi ba, har kwana arba'in, ranar ƙarshe a saki ruwan a bakin kogi. Na rubuta wannan tun haƙoranki na nan cif."

"To da ka sani, uban wa ya aike ka?"

Ya kalli ruwan da ya rage a bokitin. Can ya ce, "Wa zan roƙa?"

Ni dai ina tsaye, takarduna a ƙirji. Na gane abin da ake ciki, amma zuciyata ta ƙi karɓa. Ya lura, sai ya ce da ni a hankali, "Didina ce ta roƙe ni. A asibiti. Na ce mata to."

Tanti Gherghina ta zauna a kan kujera da ƙarfi, faɗan ya fita daga muryarta. Ta ce ta zagaye ƙauyen kaf. 'Yammatan duk sun tafi Italiya da Sifen suna renon tsofaffin wasu, matan da suka rage kuwa ko kofi da ƙyar suke ɗagawa. Wannan benen ma daga mai miji sai mai sanda. In ba a fara ba a kwanakin nan, babu yadda za a rama abin da ya wuce kafin arba'in. Tana cikin magana idonta ya tsaya a kaina, ya sauka har ƙafa, ya dawo.

"Ke, kina da miji?"

"A'a, Tanti."

"An sa rana?"

"Tanti!"

"Ba ruwana da mai rako ki bakin ƙofa, zobe nake tambaya. Mu ga hannun." Ta juya tafina sama da ƙasa kamar mai sayen kaza. "Ga ta nan, Allah ya kawo. Ga kafaɗa, ga ƙashi."

Farfesa ya miƙe, ya ɓalla maɓallin kwat ɗinsa kamar zai fara lacca. "Ilinca," ya ce. Ranar ce ya fara kiran sunana. "Ba ni da ikon in sa ki wannan, ba ya cikin aikin ɗalibi. Roƙo nake yi."

Jini ya hau mini kai. Mutumin da ya yarda aka kore shi don kada ya goge babi ɗaya, shi ne yau tsaye da jiƙaƙƙen wando yana neman mai ɗebo wa mamaci ruwa. Na ji kamar an zagi littafin a gabana, kuma mai shi ne ya zage shi.

"Farfesa," na ce, "mamaci ba ya jin ƙishirwa."

Tanti Gherghina ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. Shi kuwa ya gyaɗa kai kawai, ya ce, "Haka ne."

Na dire babin a kan tebur, na sauka matakalar nan a guje, ina tsallake ruwan da ya zubar, ina kuka.

Wuni guda na yi ina yawo a gari ina faɗa da shi a zuci. Na kawo masa hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, na kayar da shi a kowace. Amma duk nasarar da na yi, sai in ga hannayensa da igiyar bokiti ta yi wa shatin ja. Washegari da la'asar na koma, na ce wa kaina tambayar ilimi ce ta kai ni.

Yana ɗakin karatunsa. Har ya gama duba babin nawa, ya cika gefensa da fensir. A kan ƙaramin teburin da ke bakin taga, tafiretar Didina na lulluɓe da ƙyalle.

"Farfesa, tambaya ɗaya gare ni. Ka canja ra'ayi ne? In ka canja ka gaya mini, don kundina a kan maganarka yake tsaye."

"Ko harafi ɗaya." Ya cire tabarau ya murza idanu. "A kwanakin nan na sake bin nassoshin daga farko, ina fatan in kama kaina da kuskure. Tunda nake ban taɓa son in yi kuskure kamar wannan karon ba. Ban samu ba."

"To don me?"

Ya nuna mini kujera, na zauna.

"Sau uku ta buga littafin nan a wancan abin," ya ce yana kallon tafiretar. "Babin ƙarshe ma daga bakinta na ji yawancinsa, don ita da kanta tana yarinya ta ɗebo wa wata maƙwabciyarsu ruwa. Ta buga shi tsaf, ta gyara mini waƙafi, ba ta ce uffan ba. Ranar da aka kira ni don a kore ni, ita ta goge mini rigar da na sa. Ni kuwa na ɗauka ta yarda da ni. Tsawon aurenmu haka na ɗauka, ban taɓa tambayarta ba. Kin ga masanin da ya tambayi kowace aya sau ɗari."

Ya ɗan yi murmushi, murmushin bai daɗe ba.

"A kwanakinta na ƙarshe likita ya hana ta ruwa, sai dai a jiƙa auduga a shafa mata a leɓe. Ni ke shafawa. Rannan ta kama hannuna ta ce, 'Ilarie, kada ka karanta mini, ni na buga. Amma tsoro nake ji in tafi da wannan ƙishin. Ka sa a ɗebo mini ruwana.' Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni. Ta ce, 'In kai ke da gaskiya, maƙwabta sun sha. In mu ne, na sha. Ina asarar?' Har da dariya, Ilinca, da leɓen nan nata a bushe."

Hawaye suka cika mini ido har ban ganin fuskarsa sosai.

"Ta ɗauki abin da ba ta yarda da shi ba ta kai shi har maɗaba'a saboda ni," ya ce. "Ni kuma bokiti kawai aka ce in ɗauka, ga shi ko shi ɗin ba ni da iko."

Na share fuska da bayan hannu. Na so in faɗi wata magana mai nauyi irin ta cikin littattafai, amma abin da ya fito shi ne, "Wace rijiya ce?"

Daga kicin Tanti Gherghina, wadda ashe duk tana saurare, ta ɗaga murya ta ce, "Ta bayan tsohuwar majami'a! Kuma ki zo da takalmin kirki!"

Haka na fara. Tanti Gherghina ta yanke hukuncin in riƙa ƙara bokiti ɗaya kullum har a rama kwanakin da Farfesa ya ɓata. Kowace safiya in jawo ruwa a rijiyar, in hau titi, in hau bene, in ƙwanƙwasa ƙofa. In an buɗe in ce, "Ya zama na ran Didina." Su kuma su amsa da bogdaproste, godiyar da ba ma yin ta sai ga sadakar mamaci, su kawo tukunya ko tulu in juye. Kowannensu da famfo a kicin. Babu wanda ya ce ba ya so.

Nea Fane, wato Baba Fane, tsohon direban taragon cikin gari da ke hawa na uku a benen su Farfesa, shi ne ba ya barina in wuce salin alin.

"Kai, duniya ta zo ƙarshe! Mai digiri biyu ke kawo mini ruwa har ƙofa. Farfesa, ka sa a rubuta a wani littafin naka, ni in na mutu barasa nake so a raba."

"Sai ka nemo mai ɗaukar maka, Fane," in ji Farfesa. "Ba za ta kai ƙofar kowa ba."

Amma wata safiya Nea Fane bai yi wasa ba. Ya tsoma kofi a bokitin, ya cire hularsa, ya shanye a tsaye. Ya ce Didina ce ke auna masa hawan jini duk mako tun da matarsa ta rasu, tana yi masa faɗa a kan gishiri. Ya mayar da hular ya rufe ƙofa da sauri.

Farfesa kuwa kullum yana bayana. An hana shi taɓa bokiti, bai san yadda zai yi da hannayensa ba, sai ya karɓi jakata ya rataya, yana riga ni zuwa ƙofa ya riƙe mini. Mutanen unguwa suka saba ganinmu, yarinya da bokitai a gaba, tsoho da laktaye da jakar mata a baya. Tafina ya yi kanta, kafaɗuna suka yi tsami, amma ban taɓa jin gari ya yi mini kyau kamar a waɗannan safiyoyin ba. In mun gama sai mu zauna aikin duba sabon bugun Ƙasar Shiru, wanda aka riga aka shirya fitarwa tun kafin Didina ta kwanta.

Magana ba ta da ƙafa amma tana tafiya. Ba a jima ba ta isa jami'a. Sorin, wani ɗan ajinmu mai baki kamar reza, ya tare ni a baranda.

"A'a, ga 'yar garuwar Farfesa! An ce Cernat ya tuba, wai gaskiya ne? To ke kundin naki fa, a rijiya za ki kare shi?"

Na ba shi amsar da ba zan rubuta a nan ba. Amma maganar ta ci ni, don ba shi kaɗai ke faɗa ba. Har mai maɗaba'ar da za ta fitar da littafin ya kira a waya, ina zaune, yana lallaɓawa, wai ko Farfesa na son a sassauta babin ƙarshe tunda an ji abin da aka ji.

"Babu abin da za a sassauta," in ji Farfesa. "Abin da suka gani gaskiya ne, abin da na rubuta ma gaskiya ne. In ya dame su, su zo su taya yarinyar nan ɗauka."

Idonsa ya fara gajiya da ƙananan haruffa, don haka ni ke karanta masa shafukan da ƙarfi. Ranar da muka kai ƙarshen littafin, hannuwana na zafi da ruwan da na gama rabawa, na zo kan jimlar nan da na haddace tun ina yarinya, sai na tsaya a tsakiyarta. Ya jira har na iya ƙarasawa.

"Akwai kuskure?" ya tambaya.

"Babu, Farfesa."

"To a bar shi yadda ta buga."

Ranar arba'in ta faɗo a ƙarshen Yuni, itatuwan tei sun yi fure, duk garin na ƙamshi. Muka shiga motar farko zuwa ƙauyensu Didina. A bakin Jiu wasu tsofaffin mata uku na jiranmu, su ne shaidu. Tanti Gherghina ta shimfiɗa farin ƙyalle a gaɓa, ta jera ƙananan burodi, ta fito da ƙoƙon duma da ta liƙa wa siraran kyandirori a ciki. Rana na leƙowa ta bayan itatuwa.

Aikina in riƙa ɗibar ruwan kogi ina zubawa a kan ƙyallen, wani daga dangi kuma ya tambaye ni sau uku. Tanti Gherghina ta tura Farfesa gaba.

"Kai ne mijin. Wannan kam an yarda ka yi."

Ya gyara tsayuwa. Ya fara da muryarsa ta aji, wadda ke kai wa kujerar ƙarshe.

"Ilinca, kin ɗebo wa Didina ruwanta?"

"Na ɗebo."

"Wa ke shaidarki?"

"Allah, da ranar nan da ke fitowa."

A karo na biyu muryar ta ragu. A na uku da ƙyar na ji sunanta.

Aka kunna kyandirorin. Na durƙusa na ɗora ƙoƙon a kan ruwa, na sake shi. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san sauran. In ƙoƙon ya bi kogi ya tafi, ruwan ya isa ga mai shi. In ya dawo ko ya maƙale, bai isa ba. Kuma da zarar ya bar hannun mai ɗebowa, babu hannun da zai sake taɓa shi.

Ya tafi da kyau da farko, yana juyi a hankali. Sai wata igiyar ruwa ta ja shi gefe, ta kai shi cikin saiwoyin wani itace da ya faɗi a ruwa, ya tsaya cak.

Muka jira. Ƙoƙon na ɗan rawa a wuri ɗaya, kyandirorin na cin kansu. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta ja tsaki a hankali, wata ta fara addu'a. Tanti Gherghina ta toshe baki da gefen ɗankwalinta, ta ce, "Wayyo ƙanwata."

Na dubi Farfesa. Na san abin da ya yarda da shi, na san babu abin da ya canja. Amma fuskarsa ta yi fari kamar takarda. Ya sunkuya ya kwance takalmansa, ya jera su a gefe, ya cusa safa a ciki. Sannan ya taka cikin kogin, da kwat ɗinsa da komai.

"Ilarie!" Tanti Gherghina ta ƙwala ihu. "Kada ka taɓa! In ka taɓa ka ɓata komai!"

Ya tsaya, ruwa a gwiwa, ya juyo. "Me aka hana, Gherghina? Faɗa mini daidai yadda uwarku ta faɗa muku."

"Kada hannu ya taɓa ƙoƙon!"

"Ƙoƙon. To kogin fa, an hana taɓa shi?"

Ta juya ga tsofaffin. Babbarsu, wata mai sanda da ba ta da haƙori ko ɗaya, ta yi nazari kamar alƙali, sannan ta ɗaga kafaɗa.

"Ni dai tunda uwata ta haife ni ban ji an hana mutum shiga kogi ba."

Ya ci gaba har ruwan ya kai masa ƙugu. Da na ga ƙafarsa na zamewa a kan duwatsu, na faɗa ni ma, na damƙe bayan kwat ɗinsa. Sanyin ruwan ya ratsa ni har ƙashi. Ya tsaya nesa kaɗan da saiwoyin, ya buɗe tafukansa biyu, ya fara tura ruwan wajen ƙoƙon. Turawar farko ta yi ƙarfi, ƙoƙon ya karkata, kyandir ɗaya ya mutu, matan suka yi salati irin namu a gaɓa. Ya dakata, ya ja numfashi, ya sake, a hankali wannan karon, kamar mai jijjiga jariri. Ina jin yana magana ƙasa ƙasa.

"Haba Didina. Ke da ba kya son jira. Taso mana, 'yar gari, ga hanya nan."

Ƙoƙon ya yi gaba, ya dawo. Ya sake gaba, ya goga da saiwar, ya juya sau ɗaya, sai ga shi ya zame ya fita. Ruwan tsakiya ya karɓe shi.

A gaɓa Tanti Gherghina na kuka tana faɗa a lokaci guda. "Fito, tsohon banza, kafin sanyi ya kama maka ƙirji! Wa zai yi jinyarka? Ni?"

Bai motsa ba. Jikinsa na karkarwa, tabaransa ya jiƙe, ya laluɓo hannuna ya riƙe.

"Idona ba ya kai wa can," ya ce. "Gaya mini, yana tafiya?"

"Yana tafiya, Farfesa."

"Wutar fa?"

"Tana ci. Ɗaya ce kawai ta mutu."

"Ci gaba da gaya mini."

Na ci gaba da gaya masa. Ya wuce wajen da shanu ke shan ruwa, ya wuce tsibirin yashi, ya yi ƙanƙani har sai na ƙanƙance ido. Muna nan tsaye a cikin ruwan, yana riƙe da ni ina riƙe da shi, har ƙoƙon ya sha kwanar kogin.